Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ministocin harkokin waje na ƙasashen Ƙawancen Daidaiton Haƙƙi

Masu girma ministoci,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na rubuto muku ne game da nauyin da kuka ɗora wa kanku tun watan Yulin 2016, lokacin da ƙasashen Uruguay da Holan suka jagoranci kafa ƙawancenku a birnin Montevideo, wato nauyin sanya kare haƙƙin masu neman jinsinsu, da masu sauya jinsi, da waɗanda aka haifa mata-maza, a cikin manufofinku na hulɗa da ƙasashen waje. Yau kun haura ƙasashe 40, kuna da jakadu a manyan biranen duniya, kuna da kujeru a Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya, don haka abin da kuka furta da abin da kuka yi shiru a kansa duk suna isa har gidajen mutanen da ba ku taɓa gani ba. Ina tare da ku a kan manufar, kuma ba na ɓoye hakan. Ƙorafina a kan hanyar da ake bi ne, kuma ina fata za ku karɓe shi a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Ni ma'aikacin lafiya ne, na shafe shekaru a sashen kula da masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, kuma a can na fara fahimtar cewa maganar da aka yi a zauren taro na wata nahiya tana iya hana mutum shan maganinsa. Akwai wani saurayi mai natsuwa da yake zuwa karɓar magani a ranar da aka rubuta masa, bai taɓa saɓawa ba, katinsa kullum a naɗe cikin leda don kada gumi ya ɓata shi. Da aka shiga wani lokaci na ce-ce-ku-ce kan wata doka, shugabannin ƙasashen waje suna gargaɗi, 'yan siyasar gida suna mayar da martani a rediyo dare da rana, sai na daina ganinsa. Ya dawo bayan watanni ya rame, yana tarin da ba ya barinsa barci. Abin da ya shaida mini shi ne, an fara nuna masu shiga sashenmu da yatsa ana cewa Turawa ne ke biyansu, shi kuwa ya gwammace ya zauna da ciwonsa a ɗaki da ya tsaya a layi a gane fuskarsa. Babu jakadan da ya yi nufin cutar da shi, amma shi ne ya biya kuɗin wannan cacar baki da lafiyar jikinsa.

Kafin in shiga ƙorafin, ya kamata in bayyana inda na tsaya. Fiye da ƙasashe 60 har yanzu suna hukunta manya biyu masu jinsi ɗaya saboda abin da suka yi a keɓe bisa yardar juna, a wasu ƙasashen ma hukuncin kisa ne a rubuce. Ko a inda ba a cika kai mutane kotu ba, dokar takan zama makami a hannun ɗan sandan da ke neman na goro, da mai gidan hayar da ke son korar ɗan haya, da ɗan damfarar da ke yaudarar mutum a intanet ya ƙwace masa waya da kuɗi, yana da tabbacin cewa wanda ya zalunta ba zai iya kai ƙara ba. Wannan zalunci ne, kuma mutum ba ya buƙatar sauya aƙidarsa kafin ya kira shi da sunansa. Miliyoyin Musulmi da Kirista suna ɗaukar wannan ɗabi'a a matsayin zunubi, suna kuma da haƙƙin riƙe imaninsu, amma ban san addinin da ya ba taron matasa izinin zama masu ƙara da alƙalai da masu zartar da hukunci a kan titi ba. A watan Janairun 2023 Paparoma Francis, ba tare da ya sauya koyarwar cocinsa ba, ya faɗa a fili cewa kasancewar mutum mai neman jinsinsa ba laifi ne da doka za ta hukunta ba. Wannan iyaka tsakanin zunubi da laifin kotu ita ce wurin da za ku sami abokan tafiya masu yawa, idan kun tsaya a kanta. Amma da zarar an cakuɗa batun kare rai da batun auren jinsi, waɗanda za su iya tsayawa tare da ku wajen hana duka da ɗauri sai su ja da baya, masu neman ƙuri'a kuma su sami abin yaƙin neman zaɓe.

Babban abin da ke damuna shi ne barazanar janye tallafi. A watan Oktoban 2011, a lokacin taron ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a birnin Perth na Ostareliya, firaministan Birtaniya David Cameron ya nuna cewa ƙasarsa za ta iya rage tallafi ga gwamnatocin da ke hukunta masu neman jinsi. Shugaban Ghana na lokacin, John Atta Mills, ya mayar da martani cewa ba zai taɓa goyon bayan halatta abin ba, kuma jama'arsa suka yaba masa. Abin da ya fi cancanta ku tuna shi ne cewa ƙungiyoyin fafutuka na Afirka fiye da 50, cikinsu har da na mutanen da ake cewa ana karewa, sun fitar da sanarwa suna roƙon kada a bi wannan hanya, domin yanke kuɗin asibiti da makaranta zai shafi kowa har da su, sannan maƙwabtansu za su ɗora musu laifin kowace wahala da ta biyo baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma shekara da shekaru ana maimaita kuskuren kamar ba su yi magana ba.

Ku dubi Uganda da idon basira. Shugaba Yoweri Museveni ya sa hannu a dokar farko mai tsananta hukunci a kan masu neman jinsinsu a watan Fabrairun 2014, Bankin Duniya ya jinkirta bashin dala miliyan 90 da aka tanada don fannin lafiya, wasu ƙasashen Turai suka karkatar da tallafinsu. Dokar ta faɗi a watan Agustan shekarar, amma a hannun kotun tsarin mulkin Uganda ta faɗi, bisa ƙarar da 'yan Uganda suka shigar, saboda majalisa ta zartar da ita ba tare da adadin 'yan majalisar da ake buƙata ba. A watan Mayun 2023 aka dawo da wata dokar da ta fi ta farko tsanani, har da hukuncin kisa a wasu yanayi. Bankin Duniya ya dakatar da sabbin basussuka a watan Agusta, Amurka ta cire ƙasar daga shirin rangwamen ciniki na AGOA daga farkon 2024. Duk da haka kotu ta tabbatar da mafi yawan dokar a watan Afrilun 2024, kuma a watan Yunin 2025 bankin ya koma ba da bashi alhali dokar tana nan daram. Ina so wani a cikinku ya zauna ya lissafa abin da aka samu a waɗannan shekaru biyu, da kuma wanda ya ɗauki asarar, domin na tabbata ba ɗan majalisar da ya gabatar da ƙudurin ba ne.

Illar ba ta tsaya a nan ba. Haɗa kuɗi da wannan batu ya haifar da zargin da ya zama ruwan dare, cewa duk wata yarjejeniya da Turai akwai wani sharaɗi a ɓoye a ƙarƙashinta. Lokacin da Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa, ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik, a tsakiyar 2024, jita-jita ta bazu cewa an sayar da tarbiyyar al'umma a kan dala biliyan 150, alhali babu wannan sharaɗi a cikin takardar, amma mutane da yawa sun gaskata nan take domin sun sha jin irin barazanar da bakin shugabanninku. Ƙasar Mali, wadda a da dokarta ba ta ambaci wannan laifi kai tsaye ba, ta sanya shi a kundinta a 2024, Burkina Faso ta bi sahu a 2025, a daidai lokacin da gwamnatocin soja na ƙasashen biyu ke nuna wa duniya cewa sun yanke igiyar da ta ɗaure su da Faransa. Hukunta waɗannan bayin Allah ya zama tutar nuna 'yancin kai, wanda hakan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Ba na cewa matsin lamba ba ya taɓa yin amfani. A 2019, bayan kukan da duniya ta yi kan dokar jefewa a Brunei, sarkin ƙasar ya sanar cewa ba za a zartar da hukuncin kisa ba. A Ghana ma, bayan majalisa ta amince da ƙudurinta na tsananta hukunci a kan masu neman jinsinsu a watan Fabrairun 2024, ma'aikatar kuɗin ƙasar ta yi gargaɗin cewa za a iya rasa dala biliyan 3.8 daga Bankin Duniya, kuma shugaba Nana Akufo-Addo ya sauka daga mulki bai sa hannu ba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin 'yan majalisa sun sake gabatar da ƙudurin, kuma dokar da tsoron talauci ya dakatar tana nan tana jiran ranar da aljihu zai yi nauyi. Idan har dole ne a hukunta wani, to a nufi mai laifin da sunansa: jami'in da ya ba da umarnin azabtarwa, ko ɗan siyasar da ya tunzura taro a kan mutane, a hana shi biza, a riƙe dukiyar da ya ɓoye a bankunanku. Mace mai naƙuda a asibitin karkara ba ta zartar da doka ba, bai kamata a rage mata magani saboda ita ba.

Inda aka sami sauyi mai ɗorewa kuwa, daga cikin gida ya taso. A Botswana wani ɗalibin jami'a ne, Letsweletse Motshidiemang, ya kai ƙara, babbar kotu ta soke dokar a watan Yunin 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Nuwamban 2021, gwamnati kuma ta bi hukuncin domin na alƙalanta ne. Haka aka yi a Belize a 2016, da Indiya a 2018, da Mauritius a 2023, da Namibiya a 2024. Mozambik da Angola kuwa sun cire laifin ne a lokacin da suke sabunta kundin dokokinsu gaba ɗaya, ba tare da hayaniya ba. Kowace irin wannan nasara tana da shekaru na aikin da ba a gani a bayanta: lauyan da ya yi ta zarya a kotu, ƙungiyar da ke rubuta rahoton duk wanda aka kama ko aka doka, limami ko fasto da aka zauna da shi sau goma kafin ya yarda ya yi huɗuba a kan haramcin ɗaukar doka a hannu. Wannan aikin ba ya cin kuɗi mai yawa, amma yana buƙatar tallafin da zai daɗe, wanda ba a liƙa masa tambarin ofishin jakadanci ba, kuma ba a tilasta wa mai karɓarsa ya fito a hoto ba. Haka nan ɗaga tuta mai launin bakan gizo, alamar masu wannan fafutuka, a harabar ofishin jakadanci: a wani birnin ƙarfafa gwiwa ne, a wani birnin kuwa washegari ne za a fara farautar mutane. Kafin jakadanku ya ɗaga ta, ya tambayi waɗanda za su kwana a unguwa bayan shi ya rufe ƙofarsa.

Ina kuma roƙonku da ku rage yin magana da harshenku kaɗai, alhali akwai maganar da ƙasashen kudu suka yi da bakinsu. Afirka ta Kudu ce ta fara haramta wariya kan wannan dalili a tsarin mulkinta na 1996, kuma ita ce ta gabatar da ƙudurin farko kan batun a Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Yunin 2011, wanda ya wuce da ƙuri'a 23 a kan 19. A watan Mayun 2014, a birnin Luanda, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 275, inda ta la'anci kisa da fyaɗe da kamun zalunci da ake yi wa mutane saboda wanda suke so ko yadda suke ɗaukar jinsinsu, ta kuma nemi gwamnatoci su hukunta masu aikata hakan. Jakadan da ya shiga ofishin minista da wannan takarda a hannunsa yana tunatar da shi abin da hukumar nahiyarsa ta faɗa, kuma da wuya a ce masa ya kawo baƙuwar al'ada.

Akwai wata ƙofar ma da ba ku cika bi ta cikinta ba, wato batun waɗanda aka haifa mata-maza. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan halitta, har sun yi bayanin rabonta na gado, don haka ba wanda zai ce daga waje aka shigo da ita. Kenya ta ƙidaya su a ƙidayar jama'arta ta 2019, Malta ta hana yi wa jarirai tiyatar da ba ta gaggawa ba tun 2015, kuma a watan Afrilun 2024 ƙudurin kare su ya wuce a Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Geneva ba tare da ƙasa ko ɗaya ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa ba. Iyayen da aka miƙa musu jariri aka kasa gaya musu namiji ne ko mace suna buƙatar likita mai ilimi da takardar haihuwar da ba za ta zame wa yaron ƙaya ba, kuma wannan aiki ne da za ku iya yi tare da kusan kowace gwamnati.

Masu girma, ku yi haƙuri in taɓo inda ke da ciwo. Sashe na 377 na kundin hukunta laifuka da Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860 shi ne ya zama samfurin dokokin da aka baza a ƙasashe da dama da ta mulka, abin da ya sa firaminista Theresa May ta bayyana nadamarta a gaban shugabannin ƙungiyar rainon Ingila a Landan a 2018. Ingila kanta sai a 1967 ta fara sassauta dokarta, Jamus ba ta goge irin wannan doka tata, wato sashe na 175, gaba ɗaya ba sai a 1994, Amurka kuwa sai da kotun ƙolinta ta yi hukunci a 2003. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba, domin sabbin dokokin da ake yi yanzu 'yan majalisar da jama'a suka zaɓa ne ke yin su, kuma alhakinsu yana wuyansu. Na kawo shi ne don a san cewa wanda bai daɗe da fitowa daga rami ba, da tawali'u ya kamata ya miƙa hannu. Laifi tudu ne, kuma mutane suna lura da cewa muryarku takan yi ƙarfi a kan matalauciyar ƙasa mai neman bashi, ta yi laushi a gaban ƙasa mai arzikin mai da iskar gas wadda dokarta ta fi tsanani. Suna kuma ganin bakin haure na nutsewa a tekun Bahar Rum, da fararen hula da ke mutuwa a Gaza da Sudan, sai su yanke hukuncin cewa haƙƙin ɗan Adam a wurinku zaɓi-sonka ne. Duk lokacin da aka yanke wannan hukunci, mutanen da nake magana a kansu su ne na farko da ake juya wa baya.

Sannan akwai rashin tabbas. A watan Disamban 2011 sakatariyar harkokin wajen Amurka Hillary Clinton ta yi jawabi a Geneva ta sanar da asusun tallafa wa masu wannan fafutuka, a 2015 aka naɗa manzo na musamman, mutane da yawa suka fito fili bisa dogaro da wannan alkawari. A watan Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aka rushe hukumarta ta bayar da tallafi, wato USAID, shirye-shiryen yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki suka shiga ruɗani, Birtaniya ma ta sanar da rage nata kason tallafin. Wanda kuka ƙarfafa ya hau bishiya, ga shi an janye tsani, sunansa da fuskarsa kuma suna nan a intanet. Kada ku nemi kowa ya fito fili da alkawarin da zaɓe ɗaya a ƙasarku zai iya rushewa.

Abin da yake hannunku ɗungurungum, wanda ba ya buƙatar yardar wata gwamnati, shi ne ƙofar ƙasashenku. A watan Oktoban 2010 wata jarida a Kampala ta buga hotuna da sunayen mutane tare da kiran a rataye su, cikinsu har da David Kato, tsohon malamin makaranta. Ya kai ƙara, ya yi nasara a farkon Janairun 2011, kafin watan ya ƙare aka kashe shi da guduma a gidansa. Ko mene ne dalilin wanda ya kashe shi, mutumin ya shafe wata uku sunansa na yawo a gari, kuma sanarwar alhini da ta biyo baya ihu ne bayan hari. Kanada ta nuna cewa akwai wata hanya a 2017, lokacin da aka bankaɗo kame da azabtarwar da ake yi a Chechniya, ta kwashe wasu daga cikin waɗanda ke cikin haɗari a asirce ba tare da taron manema labarai ba. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2013 cewa ba za a ce wa mai neman mafaka ya koma gida ya ɓoye halinsa ba, a 2014 kuma ta hana yi masa tambayoyin tsiraici don tabbatar da iƙirarinsa. Duk da haka mutumin da ya yi shekara 30 yana koyon ɓoye kansa don ya tsira, ana zaunar da shi gaban baƙon jami'i da tafinta, wanda wataƙila ɗan ƙasarsu ne, a ce ya kawo hujja, idan ya yi in-ina a ce ƙarya yake yi. Wasu kuma suna zaune shekara da shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya suna jiran ƙasar da za ta karɓe su. Ba daidai ba ne ma'aikatar harkokin wajenku ta la'anci dokar wata ƙasa da safe, ma'aikatar cikin gidanku ta sa mutum a jirgi zuwa wannan ƙasar da yamma.

Saboda haka ina roƙon kowannenku ya ba jakadunsa izinin bayar da bizar gaggawa cikin kwanaki ga wanda aka buga sunansa ko aka yi wa barazanar kisa, ya umarce su da su aika wakili ya zauna a kotu duk ranar da aka gurfanar da wani, domin alƙali da ɗan sanda sukan yi taka-tsantsan idan sun san ana kallonsu, kuma kada a fitar da wata sanarwa ko takunkumi sai an ji ta bakin ƙungiyoyin da ke cikin ƙasar. An sabunta wa'adin ƙwararren mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya kan wannan batu a watan Yulin 2025 na tsawon shekara uku, don haka kuna da lokacin da za ku nemi ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka su ja gaba kafin ƙuri'a ta gaba. Idan kuma ƙarancin kuɗi ya tilasta muku rage tallafi, ku fara da tarurrukan otal da tafiye-tafiyen jami'ai, ku bar maganin asibiti da kuɗin lauya da gidajen fakewa su zama na ƙarshe da za a taɓa. Saurayin da na ba ku labarinsa ya warke daga tarin, ya koma karɓar maganinsa, sai dai yanzu yakan zo ne dab da lokacin tashi, bayan layi ya watse.

Wassalam, tare da girmamawa,
Wani ma'aikacin lafiya